Darasin Kiwo: Yadda Ake Samun 'Ya'ya Daga 'Yar Tunkiya Tun Tana Shan Nono

 Darasin wannan wata zai kai mu nesa da gida, har ƙasar Ostiraliya. Muna roƙon magatakardan kowace ƙungiya ya karanta shi a fili ranar taro, sannu a hankali, domin waɗanda ba su iya karatu ba su ma su ji, musamman iyayenmu mata, gama yawancin tumakin da ke gidajenmu a hannunsu suke.

Ga maganar a taƙaice. A can, masana sukan ɗauki 'yar tunkiya mace mai mako shida ko takwas da haihuwa, wadda har yanzu tana bin uwarta tana shan nono, su ɗebi ƙwan haihuwa daga cikinta, su haɗa shi da maniyyin rago a ɗakin gwaje-gwaje, sa'an nan su sa 'yan tayin da aka samu cikin mahaifar waɗansu manyan tumaki. Bayan wata biyar sai a haifi 'ya'yanta. Ita kuwa ba ta yi ciki ba, ba ta ma isa barbara ba. Kafin ta cika wata bakwai tana iya zama uwar 'ya'ya kamar goma. Turawa suna kiran wannan dabara da gajeren suna JIVET.

Ba mu kawo wannan domin wani a cikinmu zai yi shi a gidansa ba. Mun kawo shi ne domin mu ga abin da ya sa mutanen nan suka shiga wannan wahala, da abin da suka tarar a ciki, gama a nan ne namu rabon yake.

Abin da ya sa suke sauri

Ostiraliya ƙasar tumaki ce. A shekarar 1970 tumakinta sun kai miliyan 180. Mafi yawansu irin da ake kira Merino ne, wanda asalinsa daga ƙasar Sifen yake, aka fara kai shi can a 1797. Ana kiwonsa saboda gashinsa mai laushi da ake saƙa ulu da shi. A 1991 tsarin da ke riƙe farashin ulu a ƙasar ya rushe, kuɗin gashi ya faɗi, makiyaya da yawa suka rage garkunansu. Waɗanda suka ci gaba sai ya zamana dole su nemi tumaki masu gashi mafi laushi, masu saurin yin nama, masu jure tsutsar ciki. Watau dole su gyara irin, kuma su gyara shi da sauri.

Kowane manomi ya san yadda ake gyara iri. Lokacin girbi ka ware zangarniyar gero da ta fi cika, ka ajiye ta dabam, baɗi ka shuka ta. Amma sau ɗaya tak kake samun wannan zarafi a shekara. Wanda yake da fadama ya shuka masara da damina, ya kuma shuka da rani, yana da zarafin zaɓe sau biyu, don haka irinsa zai riga na maƙwabcinsa gyaruwa. Haka yake ga dabba. Duk sa'ad da 'ya ta gāji uwarta ta haihu, an sami zarafin zaɓe guda. Tunkiyar Merino kuwa bisa al'ada sai ta kai kamar shekara ɗaya da rabi ake sake mata rago, ta yi haihuwar fari tana shekara biyu. Cikin shekara goma ke nan ba za a wuce zuriya biyar ba. Idan kuwa za a iya samun 'ya'ya daga 'yar mako shida, a ƙara wata biyar na ciki, zuriya guda ta koma wata shida da 'yan kwanaki.

Akwai kuma batun yawa. Rago mai kyau yana iya barbarar tumaki da yawa a shekara, in kuma ana ɗura maniyyinsa da hannu sai 'ya'yansa su kai dubbai. Amma tunkiya, kome kyanta, ɗaya ko biyu take haifa a ciki guda. Albarkar da ke jikin mace tana fita ne ta ƙaramar ƙofa.

Abin da Allah ya ajiye cikin 'yar tunkiya

A cikin kowace dabba mace akwai waɗansu 'yan gaɓoɓi guda biyu kusa da mahaifa, inda ƙwai yake. Za mu kira su ma'ajin ƙwai. Wanda ya taɓa fiɗar kaza ya ga tarin ƙananan ƙwai a bayanta ya riga ya gane misalin, sai dai na tunkiya ba shi da gwaiduwa ko ɓawo, kuma ido ba ya ganinsa sosai sai da madubi mai ƙara girma. In aka jera bakwai ko takwas ne za su cika milimita ɗaya.

Abin mamaki shi ne, ranar da aka haifi 'yar tunkiya, dukan ƙwan da za ta yi amfani da shi muddin ranta yana nan a cikinta, dubu bisa dubbai. 'Yan kaɗan ne ƙwarai za su zama 'ya'ya, sauran duka su lalace a hankali. Kowane ƙwai in zai nuna, yakan girma cikin wani ɗan bororo mai ruwa a jikin ma'ajin. Tun cikin shekarun 1970 masu bincike suka lura cewa tsakanin mako huɗu zuwa takwas bayan haihuwa, waɗannan bororo sukan taso da yawa ƙwarai a jikin 'yar tunkiya, fiye da yadda ake gani a babbar tunkiya, sa'an nan su ragu. Wannan ɗan lokaci shi masanan suke riƙewa.

Sa ɗan tayi na wata dabba cikin wata kuwa tsohon ilimi ne. Wani Bature mai suna Walter Heape ya yi shi da zomaye a Ingila tun 1890. Akwai ma wani labari mai ban dariya da aka ba da rahotonsa a 1962: masanan Kambirij sun sa 'yan tayin tumaki cikin zomaye, aka sa zomayen a jirgin sama zuwa Afirka ta Kudu, a can aka fitar da 'yan tayin aka sa wa tumakin ƙasar, suka kuwa haife su lafiya. Zomo ya zama jakar tafiya. Haɗa ƙwai da maniyyi a waje da jiki ya zo daga baya: an haifi jaririya ta fari ta wannan hanya a Ingila a 1978, ɗan maraƙi na fari kuma a Amurka a 1981. A farkon shekarun 1990 ne David Armstrong, wani masani ɗan Kanada da ya yi aiki a birnin Adelaide na Ostiraliya, shi da abokan aikinsa, suka nuna cewa ana iya yin haka da ƙwan ƙananan maruƙa da na 'ya'yan tumaki. Daga nan ma'aikatan gonar bincike ta Turretfield, arewa da Adelaide, irin su Simon Walker da Jennifer Kelly da David Kleemann, suka yi shekaru suna gyara dabarar.

Yadda ake yi

Da fari sai a yi wa 'yar tunkiyar allurai cikin kwana biyu ko uku. Maganin ba baƙon abu ba ne ga jiki. Irin sinadarin nan ne da jikin babbar tunkiya yake yi da kansa domin ya sa ƙwai ya nuna. Ana samo wani daga wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwar dabbobin da aka yanka, wani kuma daga jinin goɗiya mai ciki. Allurar takan sa bororon nan su kumbura gaba ɗaya.

Sa'an nan likitan dabbobi ya yi mata allurar barci, ya ɗan tsaga cikinta, ya fito da ma'ajin ƙwai inda zai gani, ya riƙa tsotse ruwan kowane bororo da siririyar allura. Ya gama ya ɗinke, in ta farfaɗo a mayar da ita wurin uwarta. Wata 'yar tunkiyar za a sami ƙwai sama da ɗari a jikinta, wata kuwa 'yan kaɗan, ko da shekarunsu ɗaya, abincinsu ɗaya. Wannan bambanci ya dame su ƙwarai, har daga baya suka gano wani gwajin jini da ke nuna tun da wuri wadda za ta ba da da yawa.

A ɗakin gwaje-gwaje, sai a tsince ƙwan a ƙarƙashin madubi, a zuba shi cikin ɗan faranti mai ruwan abinci, a sa a akwatin ɗumi. Akwatin ya yi kama da injin ƙyanƙyasar ƙwan kaji, amma ya fi shi tsanani nesa ba kusa ba: zafinsa digiri 38 da rabi ne, daidai da cikin tunkiya, har iskar da ke ciki ma aunata ake yi. Bayan awa 24 ƙwan ya nuna, a zuba masa maniyyin ragon da aka zaɓa. Wanda ya kama sai ya rabu biyu, biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas, har cikin kwana shida ko bakwai ya zama ɗan dunƙule mai ƙwayoyi ɗari ko fiye. Shi ne ɗan tayi.

Tun kafin wannan an riga an shirya manyan tumaki masu lafiya da za su ɗauki cikin. Bari mu kira su iyayen riƙo. Akan sa musu wani soso mai magani na kusan mako biyu, a cire rana ɗaya, domin dukansu su nemi rago lokaci guda, amma ba a ba su rago. In kwanakin jikinsu sun yi daidai da kwanakin ɗan tayin, sai a sa musu shi a mahaifa, sau da yawa bibbiyu. Uwar riƙo ba sai mai asali ba. Abin da ake nema gare ta shi ne lafiya da nono. Ɗan da za ta haifa ba ya gādon kome na kamanninta. In kuma ba a shirya ba, ana iya daskarar da 'yan tayin a ajiye.

A 2005 masanan Turretfield suka buga sakamakon aikinsu da 'ya'yan Merino masu mako huɗu zuwa takwas, inda aka sami 'ya'ya wajen goma daga kowace 'yar tunkiya guda.

Inda gizo yake saƙa

Ku lura da lissafin nan: ƙwai ɗari, 'ya'ya goma. Ina sauran? Ƙwan 'yar tunkiya ɗanye ne. Ya ɗan fi na babbar ƙanƙanta, kuma guzurin da ke cikinsa, wanda ɗan tayi zai rayu a kai kwanakin farko, bai gama cika ba. Kamar gyaɗar da aka tuge ba ta ƙosa ba: ka shuka mudu guda, 'yan kaɗan su tsiro. Wani ƙwan yakan bar maniyyi fiye da ɗaya ya shige shi, sai ya lalace. Wani ya fara rabuwa ya tsaya. Waɗansu kuma sai an sa su a mahaifa, ciki ya kama, daga baya ya zube. A tsibirin Sardiniya na ƙasar Italiya, Grazyna Ptak da Pasqualino Loi da abokan aikinsu sun sami 'ya'ya daga 'yan wata ɗaya, suka ba da rahoto a 1999, su ma abin da suka gani ke nan: ƙwan ƙanana bai kai na manya ƙarfi ba.

Wata wahala kuma ta ɓullo daga farantin kansa. Cikin shekarun 1990 aka lura cewa waɗansu 'yan tayin da aka rena a ɗakin gwaji sukan zama 'ya'ya masu girman da ya wuce kima, har uwar riƙo ta kasa haihuwa sai an yi mata fiɗa. Da aka bi sawu sai aka tarar ruwan jinin da ake ƙarawa cikin abincin 'yan tayin yana da hannu a ciki. Aka sāke haɗin abincin, abin ya ragu. Kwana shida kaɗai a faranti, amma alamarsa ta bi ɗan har ranar haihuwa.

Sai maganar kuɗi. Likita, magunguna, wutar lantarki da ba ta yankewa ko na awa guda, ga garken iyayen riƙo da za a ciyar. Ko a Ostiraliya ba kowane makiyayi ne yake yin wannan ba, sai masu kiwon iri, waɗanda sauran makiyaya suke sayen raguna a wurinsu.

Wace za a zaɓa?

Nan ne zuciyar darasin, don haka mu ɗan dakata. 'Yar mako shida ba ta nuna kome ba tukuna. Ba a san laushin gashinta ba sai ta kusa shekara. Ba a san ko za ta yi tagwaye ba, ko tana da nono, ko tana ƙin ɗanta, sai ta haihu. Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, amma a nan ko Lahadi ba ta yi ba. In aka zaɓi wadda ba ta da kirki, ɗakin gwaji ba zai hana ba. Zai ba ka 'ya'yanta goma cikin wata bakwai, su ma a ɗebi nasu, kafin a farga aibin ya cika garke. Dabarar tana riɓanya abin da aka ba ta ne, mai kyau ko marar kyau.

To, da me suke zaɓe? Da littafi. Makiyayan iri na can suna sa wa kowace dabba lamba a kunne, su rubuta uwarta da ubanta, nauyinta ranar haihuwa da ranar yaye, nauyin gashinta da laushinsa, yawan ƙwan tsutsa a kashinta. Ana tara waɗannan a wani babban tsari na ƙasa, na Merino ana ce masa MERINOSELECT, a lissafa darajar kowace dabba daga nata aikin da na danginta. Tun daga 2007 kuma suka kafa garkunan gwaji a wurare takwas na ƙasar, inda aka auna dubban tumaki, aka kuma duba ƙwayoyin gādonsu, watau DNA. Saboda wannan ne ake iya yankar ɗan guntun fatar kunnen jaririyar tunkiya, a gwada shi da na waɗancan, a yi kirdadon abin da za ta zama. Kirdado ne, ba tabbas ba, kuma ƙarfinsa daidai yake da yawan abin da aka rubuta. Da babu shekarun awo da rubutu, da dukan kayan ɗakin gwajin nan ba su da amfani.

Akwai haɗari na biyu. In 'yan tumaki kaɗan da rago ɗaya ko biyu suka zama iyayen garke duka, ba da daɗewa ba kowa ɗan'uwan kowa ne. Barbara tsakanin dangi na kusa tana kawo 'ya'ya raunana, da ƙarancin haihuwa, da nakasa. Su ma da littafin nan suke kauce wa wannan.

Mu Kirista fa?

Mun san wani zai tashi a taro ya ce wannan shiga aikin Allah ne. Tambaya ce mai kyau, kada a yi masa dariya. A namu gani, masanan nan ba su halicci kome ba. Ƙwan na 'yar tunkiya ne, maniyyin na rago ne, mahaifar ta tunkiya ce, kuma ɗan yana da uwa da uba kamar kowane. Ya bambanta da tunkiyar nan Dolly da aka haifa a Sikotilan a 1996, wadda aka kwafo daga jikin tunkiya guda ba tare da rago ba. Zaɓen dabbar da za ta yi barbara kuwa tsohon abu ne. Ku duba Farawa sura 30, ku ga yadda Yakubu ya bambanta ƙarfafan dabbobi da raunana sa'ad da yake kiwon garken Laban.

Abin da ya fi damunmu shi ne ita 'yar tunkiyar. Allurai da fiɗa ga jaririyar dabba ba wasa ba ne. Yawancinsu suna warkewa, su girma su haihu da kansu, amma akwai zafi, akwai kuma haɗarin tabo a ciki. Mun yarda a yi wa 'yan kaɗan, da hannun likita, domin amfanin garkuna masu yawa. Ba mu yarda a mai da shi abin yau da gobe don kwaɗayin riba ba. Kafin ku tattauna wannan, ku karanta Karin Magana 12:10.

Kuma kada wani ya ji darasin nan ya ce ashe yana da kyau ƙaramar tunkiya ta haihu da wuri. Ku tuna ba ita take ɗaukar cikin ba. A gidajenmu, inda rago yake yawo da garke dare da rana, sau da yawa 'yar wata shida ko bakwai takan yi ciki tun ƙashinta bai gama girma ba. Sai ta tsumbure, ta haifi ɗan tsurut, nono ya kasa, wani lokaci a rasa su duka biyu. Ku ware 'yan matan tumaki daga rago har jikinsu ya kusa na iyayensu.

Namu rabon

Tumakinmu, Balami da Uda da 'Yankasa, ba na ulu ba ne, kuma ba su jiran wani lokaci na shekara kafin su yi barbara. In abinci ya wadata, tunkiya tana iya haihuwa sau uku cikin shekara biyu. Saurin da mutanen Ostiraliya suke saye da kuɗi mai yawa, Allah ya ba mu wani kashi nasa kyauta. Abin da muka rasa shi ne zaɓe. Gaskiya ma zaɓen muke yi, amma a juye. Ragon da ya fi saurin girma shi muke turkewa mu sayar lokacin Babbar Salla ko Kirsimeti, gama shi ya fi kuɗi. Wanda ɗan kasuwa ya ƙi, shi ne yake zama a gida ya zama uban garke. Shekara goma muna haka, sa'an nan mu ce tumakin yanzu ba su kai na dā ba.

Ba sai da ɗakin gwaji ake gyara wannan ba. A ƙasar Habasha, tun daga 2009, ƙananan makiyaya a yankuna irin su Bonga da Menz da Horro suka haɗa kai cikin ƙungiyoyi, da taimakon masana. Suna sa wa tumaki lamba, wani ɗan ƙauyen yana aunawa yana rubutawa, su taru su zaɓi 'yan ragunan da suka fi, ƙungiya ta saye su da kuɗin asusu kafin su tafi kasuwa, sauran a dandaƙe su a yi kiwon turke. Ragunan da aka zaɓa kuma ana juya su daga wannan rukuni zuwa wancan.

Ga dalilin juyawar. Rago ya shiga garke yau, bayan wata biyar an haifi 'yarsa, bayan wata bakwai ko takwas kuma ta fara neman rago. Shekara ɗaya ke nan da 'yan kwanaki. In yana nan har lokacin, 'yarsa zai hau. Saboda haka kada rago ya wuce shekara guda a garke ɗaya. Ƙungiyoyi biyu ko uku na gunduma ɗaya suna iya shirya musaya a tsakaninsu, amma a duba lafiyar ragon, a ba shi maganin tsutsa, a keɓe shi mako biyu kafin a sake shi cikin sabon garke.

Kafin taron wata mai zuwa, muna roƙon kowace ƙungiya ta sayi littafin rubutu guda mai kauri, ta ba mutum ɗaya riƙonsa. Kowace tunkiya ta sami shafinta: sunan mai ita, kamanninta, ranar da ta haihu, ɗaya ne ko tagwaye, wane rago ne uban in an sani, da ko ɗan ya rayu har yaye. Sikelin da kuke auna hatsi da shi ya isa auna ɗan tunkiya: ku sa shi a buhu ku rataya, sau ɗaya a makon haihuwa, sau ɗaya yana wata uku, sau ɗaya yana wata shida. Ku kuma tattauna ko asusun ƙungiya zai iya sayen ɗan rago mafi kyau daga hannun mai shi a farashin kasuwa, domin kada bukatar kuɗin makaranta ta tilasta masa sayarwa. Ku zo da littafin da amsar da kuka tsayar ranar da za mu kewayo wurinku.